Rijiya 214 a Bayan Gilashi Guda

Wannan makon labarin wata 'yar na'ura muka kawo, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba, amma ta sa mutanen wata ruga suka ƙara kwana ba ruwa. Laifin ba nata ba ne ita kaɗai, akwai namu a ciki, shi ya sa muka ga gara mu faɗa da bakinmu ko wani zai tsira daga irinsa.

Mu uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sana'armu gyaran famfon tuka-tuka. Yaya ne ya fara koyon aikin, ya jawo na tsakiya, daga baya Auta ya shigo da ya gama sakandare. A Haɗejiya muke zaune, amma aikinmu a daji yake: ƙauyuka da rugagen Birniwa, Kirikasamma, Guri, Malam Madori, Kaugama, wani lokaci har yankin Gumel da Maigatari. Babur biyu gare mu. Ɗaya yana ɗaukar mutum biyu, ɗayan yana ɗaukar mutum ɗaya da buhun kayan aiki. Duk wanda ya san wannan ƙasa ya san da zarar ka sauka daga kwalta, hanya ta zama sawun amalanke da burtalin shanu. Wadda ka bi da rani, damina na iya mayar da ita gona ko tafki.

Shekara shida da suka wuce wani abokin Yaya mai kawo kayan gwanjo ya sayar mana da na'urar nuna hanya ta babur, wadda aka fi sani da GPS. Ta hannu ce, an ci moriyarta a Turai kafin ta iso mu, har taswirar da ke ciki ta can ce, sai da wani yaro mai kwamfuta ya sa mana ta Najeriya a memori. Abin da ya ɗaure mu da ita shi ne ba ta neman layi, ba ta neman data. Saƙo take karɓa kai tsaye daga taurarin ɗan adam da ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kuma in ta ji guda huɗu ta san inda kake tsaye. Inda waya ke cewa babu sabis, ita tana aikinta.

Sai muka ɗauki wata al'ada. Duk rijiyar da muka gyara, kafin mu tashi, sai mu danna mu ajiye wurin, mu sa masa sunan da za mu gane: "famfon bayan makarantar allo", "rugar mai farin bijimi", "rijiya mai jan ruwa". Tana kuma ajiye sawun hanyar da muka bi. A hankali wurare suka taru har 214. Ba mu rubuta ko ɗaya a takarda ba. Muka daina kallon itatuwa, muka daina tsayawa gaishe da mutanen hanya mu yi tambaya. An ce matambayi ba ya ɓata, to mu mun ajiye tambaya mun rungumi gilashi.

Ranar da abin ya faru cikin watan Afrilu ne, bazara ta kai bazara. Ɗan wani Arɗo ya kira mu daga yankin Birniwa, ya ce sai da ya hau tudu ya sami sabis. Famfonsu ya kwana huɗu ba ya kawo ruwa, mata suna tafiya mai nisa da jarkoki zuwa wata tsohuwar rijiya. Sau ɗaya muka taɓa zuwa rugar, shekara uku baya, amma tana cikin na'ura. Muka ce masa yau ɗin nan muna tafe. Muka ƙarasa wani aiki da safe, muka yi azahar, muka kama hanya da lissafin za mu isa kafin la'asar, mu zare bututu, mu canza roba, mu mayar kafin duhu.

Mun yi nisa cikin rairayi sai na'ura ta fara aiki ba wanda ya sa ta. Taswira ta yi tsalle gabas, ta dawo, ta ƙara girma, ta ƙanƙance. Shafi ya buɗe da kansa, haruffa suka fara rubuta kansu. Ka danna sama, ta amsa a ƙasa. Auta ya ce, "Yaya, anya ba mutanen ɓoye ne suka karɓi tuƙin ba?" Muka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba, don muna kallo ta buɗe jerin wuraren da muka ajiye ta fara yawo a ciki. Yaya ya ce, "Kashe ta! Kashe ta kafin ta goge mana wani abu." Aka danne maɓalli, fuska ta yi baƙi. Muka ɗaga kai muka duba gabas da yamma, sai muka ga ba mu san inda muke ba. Wayar ɗan Arɗo kuma ba ta shiga, ya sauko daga tudunsa.

Awa uku muka yi muna bulayi. Sau biyu muna komawa gindin tsamiya ɗaya. Wanda ya fitar da mu wani yaro ne makiyayi da bai wuce shekara 12 ba. Ya nuna da sandarsa ya ce mu bi burtali har mu ga kuka biyu da suka jingina da juna, mu bar su a hagu, in mun tsallake busasshen kwari za mu hango bukkoki. Haka kuwa aka yi. Mun isa ana shirin kiran magariba.

Irin famfon da ke rugar, wanda ake kira India Mark II, ba a gyara cikinsa sai an zaro bututun gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne tsawon mita 3, har a kai ga silinda da ke can ƙasa. Ba aikin da ake yi da tocila ba ne. In bututu ya suɓuce ya faɗa rami, gyaran yini ɗaya ya zama na mako, wani lokaci ma rijiyar ta tafi ke nan. Muka ce wa Arɗo, "Baffa, a yi mana afuwa, sai da safe." Bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce, "Kun iso lafiya, shi ne babba." Ya sa aka kawo mana fura da nono, da ɗan ruwa a kwano na alwala. Mun san daga inda aka ɗebo wannan ruwan, mun kuma ga matan da suka sake ɗaukar jarkoki da asuba kafin mu ɗaura sifana. Wannan kwanon ya fi kowane faɗa yi mana ciwo.

Da muka dawo gida muka zauna da na'urar. Ga yadda muka bi ta, daga abin da ba ya cin ko kwabo zuwa mai cin kuɗi, don haka ya kamata a bi kowane gyara.

Da fari muka raba laifin babur da laifin na'ura. Muka cire ta daga mazauninta, muka kunna ta da batirinta a cikin ɗaki. Da a ce ta natsu, da mun san wutar babur ce ke rikita ta. Ba ta natsu ba. Duk da haka muka sa mita a batirin babur: a kashe ya nuna sama da 12 kaɗan, da aka tayar aka ba shi wuta ya tsaya wajen 14. Lafiyayyen caji ke nan. Da ya haura 15 da mun tuhumi rektifaya. Muka duba fis da ƙusoshin tagulla na mazaunin, muka goge ɗan tsatsar da ke kansu. Babur ya fita daga zargi.

Sai tsafta. Muka ɓare ledar kariya da ke kan gilashin, wadda gefenta ya riga ya ɗago ya tara datti. Muka goge da tsumma mai laushi. Muka sa tsohon buroshin haƙori da gefen takarda mai kauri muka bi bakin gilashin, inda ya shige ƙarƙashin robar jiki. Abin da ya fito ya ba mu mamaki, ƙurar hunturu shida ce ta daskare a wurin. Bayan wannan rawar ta ragu sosai, har muka fara murna. Amma gefen dama na nan a mace, kuma can ƙasa tana danna kanta jefi-jefi.

Muka danne maɓallin wuta na tsawon lokaci har ta mutu ta sake tashi. Ba canji. Muka shiga wurin saita gilashi, inda ɗigo ke bayyana kana binsa kana dannawa don ta sake koyon inda yatsa yake. Ɗigon na zuwa gefen dama aikin ya tsaya, don ba ta jin taɓi a wurin.

A nan ne muka kusa tafka babbar asara. Auta ya gani a intanet cewa in aka mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani tana warkewa. Har ya kai hannu, Yaya ya riƙe shi ya ce, "Kai Auta, in ta koma yadda ta fito daga kamfani, a kamfanin akwai rugar mai farin bijimi?" Shiru. Wannan matakin yana share duk abin da mai na'ura ya ajiye. 'Yan uwa, ko me za ku yi wa na'urarku, kada ku taɓa wannan wurin sai kun kwashe kayanku.

Kwashewar kuwa ba wuya, mu ne ba mu taɓa tambaya ba. Muka je wurin yaron nan mai kwamfuta, ya haɗa ta da kebul. Tamu ba ta nemi a danna komai ba, ta fito a kwamfuta kamar filashi. A ciki akwai fayiloli masu ƙarewa da GPX, su ne ke ɗauke da sunan kowane wuri da lambobinsa biyu, da sawun hanyoyi. Cikin minti biyar ya kwafe aikin shekara shida. Muka ƙirga, 213. Ɗaya ta tafi, wataƙila tun ranar rairayi, kuma har yau ba mu gano wacce ba ce. Wata rana wani zai kira mu daga can, sannan mu sani.

Da hankali ya kwanta, sai muka kai ta Kano wurin wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Shi ya yi mana bayanin da ya warware mana komai. Gilashin taɓi iri biyu ne. Na tsofaffin na'urori irin tamu danni yake ji: leda ce a sama, gilashi a ƙasa, da ɗan sarari siriri a tsakani, in ka danna suka haɗu sai ta san wurin. Shi ya sa yake aiki da safar hannu, da farce, da tsinke, kuma ɗigon ruwa bai dame shi ba. Amma duk abin da ya matse shi, ko ƙwayar yashi ce a gefe, a wurinsa yatsa ne. Na wayoyin zamani kuwa ba danni yake ji ba, lantarkin jikin mutum yake ji. Ya fi haske da sauri, yashi bai cika ruɗa shi ba, amma ruwa da gumi da caja marar kyau suna sa shi danna kansa, kuma safar hannu ta gama-gari ba ta aiki a kansa.

Da ya buɗe tamu ya juyo mana da ita ya ce, "Alhaji, ku duba nan." Batirin ya kumbura kamar an hura shi, yana tokare fuskar daga ciki. Robar da ke hana ruwa da ƙura shiga ta bushe ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya tambaye mu ko muna barin ta a rana. Muka kalli juna. Kullum in muna aikin rijiya, awa uku awa huɗu, tana kan babur tana gasuwa, sannan a tayar a ci gaba da ɗura mata caji tana da zafi. Zafi da cikakken caji kullum su ne ke tsufar da irin wannan batiri. Ya ce kada mu huda shi, kada mu sake sa masa caji, don yana iya kamawa da wuta. Batiri zai samu a kasuwa, amma gilashin sai an yi oda daga waje a jira makonni, kuma ya faɗa mana gaskiya cewa bayan an buɗe an rufe, ba zai yi mana alkawarin za ta jure ruwan sama kamar da ba.

To, a gyara ko a saya? Mako guda muna wannan muhawara a shago. Hanya huɗu ce a gabanmu.

Ta farko, a gyara tsohuwa. Ita ce mafi araha, kuma hannunmu ya saba da ita. Amma ba za mu sake ɗora alkawarin da muka yi wa mutane a kan abin da aka ɗinke ba.

Ta biyu, sabuwar na'urar babur ta ainihi, irin su Garmin Zumo ko TomTom Rider. Don babur aka ƙera su: suna jure girgiza, ana ganin fuskarsu a tsakar rana, suna amsa safar hannu, suna shan wuta kai tsaye daga batirin babur. Yaya nan ya karkata. Amma kuɗin da aka faɗa mana ya haura abin da mu uku muke samu a wata biyu. Kuma mai saye ya tambaya tun kafin ya biya: taswirar wace ƙasa ce a ciki? Yawancin waɗanda ake shigowa da su ta Turai ko ta Amurka suke ɗauke da ita.

Ta uku, wasu allunan babur masu araha da suka cika kasuwa yanzu, masu faɗin fuska da kyan gani. Auta ya so su. Da muka bincika sai muka gane yawancinsu ba su da taswirar kansu, abin da ke cikin wayarka kawai suke haskawa. In waya ta mutu sun zama madubi. Wato maimakon abu ɗaya da zai iya lalacewa, ka tara biyu.

Ta huɗu, wayar Android da za a ware don wannan aikin kaɗai. Mutane da yawa ba su san GPS na waya ma ba ya buƙatar layi ko data ba, taswirar ce ke buƙata, ita kuma ana iya sauke ta tun daga gida. Manhajar OsmAnd, wadda ke aiki da taswirar OpenStreetMap, tana aiki ba intanet, kuma tana karɓar fayil ɗin GPX. Amma waya tana da nata rauni. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamarar wayoyinsa, kuma ya ce an yi su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a nan bazara tana haura 40.

Wani abu da muka koya wajen zaɓe shi ne karanta lambar da ke farawa da IP a jikin kwali. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. In ka ga IP67, 6 ɗin na nufin ƙura ba ta shiga sam, 7 ɗin na nufin ta jure nutso a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. In ka ga IPX7, X ɗin na nufin ba a ba ta maki a kan ƙura ba. Bature mai fama da ruwan sama lamba ta biyu yake dubawa. Mu da muke shan hunturu wata uku, ta farkon ma ta shafe mu.

Ga inda muka tsaya. Mun sayi waya mai kaurin jiki, irin wadda aka yi don masu aikin gini, mai lamba 6 a wurin ƙura. Ba mu sa mata layi ba, ba Facebook, ba WhatsApp, taswira kawai. Mun sa mata mariƙi mai robar shan girgiza, wani maƙeri ya lanƙwasa mana 'yar rumfar gwangwani a samanta. Cajar da muka sa mai kyau ce, an bi da ita ta fis da makulli, don kada ta shanye batiri in an kashe babur. Wurare 213 sun shiga ciki lafiya. Tsohuwar kuma mun canza mata batiri, mun yi odar gilashin, yanzu tana cikin buhun kayan aiki a naɗe da tsumma, ta zama 'yar ko-ta-kwana.

Ba za mu ce muku waya ta kai na'urar ainihi ba. Da tsakar rana sai an kare da hannu ake ganin fuskarta. Sau biyu ta rage haskenta da kanta saboda zafi. A ruwan farko na bana ɗigon ruwa ya sa ta rawa, sai da muka tsaya muka goge, muka kulle fuskar. In Allah Ya hore, wataƙila mu koma kan shawarar Yaya. Wanda ke tafiyar kwalta mai nisa kuma yana da hali, ya sayi ta ainihin. Wanda ke kai saƙo cikin gari inda sabis yake, wayarsa da mariƙi mai kyau sun ishe shi.

Sauyin da ya fi girma ba a kan babur yake ba. Duk Juma'a bayan masallaci Auta yana fitar da GPX ya ajiye a wuri biyu. In mun sauka aiki, na'ura ma tana sauka, ta shiga inuwa. Sannan Yaya ya sayi babban littafi mai bangon kwali. Kowace rijiya da shafinta: lambobinta biyu, ta farko a yankinmu tana farawa da 12, ta biyu da 9 ko 10, sai zurfinta, yawan bututunta, da kwatance irin na yaron nan makiyayi, wace kuka, wane kwari, a bar shi a wane hannu. Mun cika shafi 61, sauran muna cikewa duk lokacin da aiki ya mayar da mu. Kuma mun koma tsayawa a hanya mu yi sallama mu yi tambaya, ko da gilashi ya nuna mana. Sau da yawa a nan muke jin cewa ruwa ya cinye hanyar gaba, labarin da tauraron ɗan adam bai da shi.

Shafin farko na littafin na rugar Arɗo ne. Watan jiya mun koma can duba famfon, Yaya ya ce a kashe waya a gwada. Muka bi burtali, muka bar kuka biyu a hagu, muka tsallake kwari, muka isa kafin la'asar.

Wanda ya daɗe yana aiki da na'urar ainihi a hanyar rairayi, muna son jin yadda ta yi masa bayan bazara biyu ko uku, kafin mu tara kuɗi. Wanda kuma yake da wurare a ajiye cikin na'ura ko waya, don Allah ya kwafe su yau, kada ya jira gobe. Allah Ya tsare mana hanya, Ya mayar da kowa gida lafiya.